Na'urar Auna Oksijin ta Yatsa: Abin da Take Nunawa da Abin da Take Ɓoyewa

Ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa domin auna iskar oksijin da ke cikin jini ta shiga gidaje da dama tun lokacin annobar korona, kuma a yau ana samunta a manyan kantunan magani. Wadda nake amfani da ita irin ta gama-gari ce, mai cin ƙananan batura biyu, bakinta yana buɗewa kamar abin maƙale kayan shanya, sannan allonta yana nuna lambobi biyu, ɗaya ta oksijin, ɗaya ta bugun zuciya. Da zarar an saka yatsa an danna maɓalli, cikin 'yan daƙiƙoƙi sakamako zai fito, ba allura, ba jini.

Tana aiki ne ta hanyar haska yatsa da haske iri biyu, ja da kuma wani da ido ba ya gani. Jinin da ya ɗauki oksijin da wanda bai ɗauka ba, kowanne yadda yake shan hasken daban ne, kuma daga wannan bambanci take fitar da lissafinta, bisa dabarar da wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Takuo Aoyagi, ya gano a farkon shekarun 1970. Mai lafiya yakan nuna kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari, idan kuwa lambar ta sauka ƙasa da 90, to lamarin na asibiti ne ba tare da jinkiri ba.

A ganina gidan da ke da mai asma, ko mai ciwon zuciya ko na huhu, ko dattijon da numfashi ke yi wa wuya, ya cancanci ya mallake ta, domin a lokacin korona likitoci sun ga marasa lafiya da oksijin ɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai alhali suna zaune suna hira.

Sai dai tana da raunin da ya shafe mu kai tsaye. Wani bincike da masana na Jami'ar Michigan da ke Amurka suka wallafa a shekarar 2020 ya nuna cewa irin waɗannan na'urori sun fi kasa gano ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farar fata, wato lambar takan nuna sama da gaskiyar abin da ke cikin jini. Saboda haka idan mara lafiya yana haki, ko haƙarƙarin yaro yana lotsawa yayin numfashi, kada lamba 94 ko 95 ta sa a kwantar da hankali. Yatsan da sanyin hunturu ya ƙandarar yakan sa lambar ta yi ta rawa, sai an murza hannu ya yi ɗumi an natsu kafin ta tsaya, haka nan jan farce mai duhu da baƙin lalle suna iya tare hasken. Yatsan jariri kuwa ya yi wa ta manya ƙanƙanta, akwai tasu daban.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne batun hayaƙin janareta da na gawayin da ake kwana da shi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. Gubar da ke cikin wannan hayaƙi tana kama gurbin oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, na'urar kuma ba ta iya bambance su, don haka tana iya nuna 98 ga mutumin da ke cikin haɗarin rasa ransa. Wanda aka samu a irin wannan ɗaki yana fama da ciwon kai, jiri ko amai, a fitar da shi waje ya shaƙi iska nan take, a kuma garzaya da shi asibiti ko da wace lamba allon ya nuna.