Jika biyar na biya a Yamai aka kulle mini diskin kwamfuta

Aikina riƙe wa wasu ƴan kasuwar albasa na Tawa lissafi. Buhu nawa ya tashi daga Galmi, nawa ya isa Akara ko Abijan, wa ya ci bashi, wa ya biya rabi ya yi ɓatan dabo, duk suna cikin wata HP EliteBook ta gwanjo da na saya shekara uku ke nan. Har da hotunan katin direbobi da takardun duwan. Kusan kowane wata ina bisa hanyar Tawa zuwa Yamai, sama da kilomita 500, jakar tana tsakanin ƙafafuna. Ko a Ƙonni aka tsaya sallah, da ita nake zuwa alwala.

Da damina aka ɗauke wa wani abokin aikina jaka a tasha. Bai yi kukan kuɗin na'urar ba kamar yadda ya yi na abin da ke cikinta. Na ce ai ni tawa da kalmar sirri. Ƙanen matata, ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni, ya yi dariya har ya ba ni haushi, ya ce: "Yaya, wannan ai asabari ka saka a ƙofa." Shi ya kwatanta mini wani shago a layin masu gyaran waya, bayan Babbar Kasuwa.

Shagon ƙarami ne, fanka ɗaya, benci ɗaya, yara biyu masu koyon aiki. Mai shi Bazabarme ne, Hausarsa ta fi ta wasu ƴan garinmu fita. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni bai yi mini dogon bayani ba. Ya ce: "Malam, ka yarda in buɗe ta a gabanka?" Ya kwance bayan kwamfutar, ya zaro diskin, wanda su ke ce wa diskidur, ya sa shi cikin wani ɗan akwati mai waya, ya jona a tasa na'urar. Kafin shayin da yaro ya miƙo mini ya huce, ga sunayen masu bashi a fuskar kwamfutar wani, ga hotunan sunan ɗiyata. Ko sau ɗaya ba a tambaye shi kalmar sirrina ba. Wannan nunin kaɗai ya ci kuɗin da na biya. Kalmar shiga Windows tana tsare wanda ya biyo ta ƙofa ne, wanda ya ciccibi rumbun gaba ɗaya ba ruwanta da shi.

Daga nan ya shimfiɗa mini hanyoyin. Akwai kalmar da ake sa wa BIOS, manhajar da ke fara aiki kafin Windows, ita tana hana na'urar tashi, amma diskin da aka zare yana nan a buɗe. Akwai kalmar da ake sa wa diskin kansa daga cikin BIOS, ita tana bin sa duk inda aka kai shi. Wannan bai so mini ita ba. Ya ce a tsofaffin diski bayanan suna nan kwance yadda suke, makulli ne kawai aka rataya, kuma ya nuna mini wani kwali a ƙarƙashin tebur cike da diskin da suka zo cikin kayan gwanjo a kulle, masu su na can Turai, ba mai sanin kalmar. Abin da ya zaɓar mini shi ne BitLocker, wanda Microsoft ta fara sakawa tun Windows Vista a 2007. Shi yana ɓad da kamar duk abin da ke rubuce a diskin, wanda ya zare shi ba zai ga komai ba sai shirme. Na yi sa'a tawa Windows Pro ce, irin ta ma'aikatu, saboda cikakken BitLocker ba ya cikin Home. Ya ce da Home ce da VeraCrypt zai sa mini, manhajar kyauta da Mounir Idrassi ya fitar daga Faransa a 2013. Ban ji ya yi ƙoƙarin sayar mini da wani abin da ban zo nema ba, abin da ba kasafai ake samu a layin nan ba.

Ya tambaye ni ko ina yawan tafiya. Dalili kuwa, cikin na'urar akwai wani ɗan guntu, TPM, mai riƙe mabuɗin. In aka bar shi shi kaɗai, kwamfutar za ta buɗe diskin da kanta duk lokacin da aka kunna ta, sai kalmar Windows ta rage a tsakani. Don haka ya ƙara mini lambar da zan riƙa bugawa tun kafin Windows ta tashi. Mafi ƙaranci lamba 6, na sa 8, ya juya baya sa'ad da nake bugawa. Ya kuma zaɓi a rufe diskin dukansa, ba wurin da ke da kaya kawai ba, tun da tsohon diski ne kuma abin da aka goge yana iya barin sawu. Aikin ya ɗauki sama da awa ɗaya. Ana tsaka aka ɗauke wuta, gabana ya faɗi, ya ce ko ta mutu za ta ɗora daga inda ta tsaya.

To ga inda raina ya ɓaci. BitLocker yana ba da mabuɗin ceto, lamba 48 a rukuni 8, kowane rukuni lamba 6. Wanda ya riƙe shi ya riƙe diskin, ko bai san lambata ba. Ana iya aje shi a asusun Microsoft, ko a kile, ko a buga a takarda. Injin buga takardar shagon ba tawada, mai shagon ya fita amsa waya, sai na ga ɗaya yaron ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoton lambar. Na ce: "Kai samari, me ka yi?" Ya ce don in ta ɓace mini in dawo su ba ni, haka suke yi wa kowa. Na yarda ba da mugun nufi ya yi ba. Amma ke nan wayar yaron nan cike take da mabuɗan mutane, wayar da ake cajinta a bakin titi, ake ara wa abokai. Na zo in kulle ɗaki, an yanka wa maƙwabci makulli.

Mai shagon ya dawo, na faɗa masa. Bai yi musu ba, ya yi wa yaron faɗa da Zabarmanci, abin da na tsinta bai yi daɗi ba. Goge hoton bai wadatar da ni ba, shi ma ya san haka. Ya soke wancan mabuɗin, ya sa na'urar ta fitar da sabo, na kwafe shi da biro a takarda biyu, ya sa na karanto masa rukuni-rukuni yana dubawa. Gyaran ya yi, sai dai da ban ɗago kai a lokacin ba da haka zan tafi.

Ɓacin rai na biyu ya same ni da dare a masaukina a Bukoki. Na kunna, na buga lambata, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Zufa ta karyo mini, ga lissafin mota biyu ana jira da safe. Na kira mai shagon wajen ƙarfe goma, ya ɗauka, wannan kam na yaba. Tambaya ɗaya ya yi: "Malam, kana danna Shift?" Madannan kwamfutata na Faransa ne, AZERTY, inda sai ka danne Shift lambobin layin sama ke fita, hannuna ya saba. Shi kuwa shuɗin allon da BitLocker ke neman lamba a kai, tsarin Amurka, QWERTY, yake ji, lamba kai tsaye. Na saki Shift, ta buɗe. Magana ce ta daƙiƙa goma da ya kamata a faɗa mini tun a shago, a ƙasar da kwamfutocin gwanjo wasu AZERTY ne wasu QWERTY. Wanda zai sa kalma mai haruffa ya fi ni shiga uku, domin A da Q sun yi musanya, Z da W ma haka, M kuma ta bar wurinta.

Wata biyu ke nan. Ban ga Excel ya ƙara nauyi ba, tashi ne kawai ya ƙaru da buga lamba. Na daina rufe murfi in jefa ta jaka, saboda ya gargaɗe ni cewa in barci kawai take yi mabuɗin yana nan a ƙwaƙwalwarta. Kashe ta nake yi gaba ɗaya kafin in hau mota. Ya kuma ce in za a taɓa BIOS ko a sauya babban allon cikinta, in zo da takardar, domin za ta iya neman lamba 48 ɗin, kuma ranar da na rasa lambata da takardar duka, shi ma ba abin da zai iya yi mini.

Jika biyar ya karɓa, 5,000 na sefa, bai ƙara ko dala ba don kiran dare. Zan tura masa mutum, da sharaɗin ya tafi da bironsa da takardarsa, kuma kada ya tashi daga bencin nan sa'ad da lambar ta fito. Takardata ɗaya tana Tawa cikin akwatin da uwargida ke aje takardun gida, ɗayar na ba yayana. Saura diskin waje da nake kwafe lissafin a kai duk Juma'a, shi har yanzu a buɗe yake, kuma cikin jaka ɗaya suke tafiya. Mai shagon ya ce in kawo shi zuwa na gaba, jika biyu.