Gajerun takalman iyo na roba: abin da suke gyarawa a salon papiyon da abin da suke ɓoyewa

Duk mai koyon papiyon (salon iyon da ake wurga hannaye biyu gaba tare ta saman ruwa, ƙafafu biyu kuma na bugu tare) a pisin ɗin Maradi, wato wurin iyo da aka gina, matsalarsa ta farko ƙugu ce. Hannu na fitowa, kai na ɗagawa, ƙugu na nutsewa, sai mutum ya koma yana jan jikinsa a tsaye cikin ruwa. Mun gwada gajerun takalman iyo na roba masu faffaɗan baki kamar ƙafar agwagwa, waɗanda bakinsu bai wuce yatsun ƙafa da nisa ba, a kan matasa masu koyo da manya da suka daɗe a ruwa. Hukuncinmu shi ne sun cancanci kuɗinsu, da sharaɗin a san lokacin cire su.

Dalilin zaɓen gajeru maimakon dogayen na masu nutso a bayyane yake. A papiyon ana bugun ƙafa biyu a kowane zagayen hannu: na farko lokacin da hannaye ke shiga ruwa, na biyu lokacin da suke fita ta gefen cinya. Dogon takalmi yana jinkirta bugun, na biyun ya makara, hannu ya fita babu mai tura shi. Gajeren yana barin ƙafa ta bi saurin da aka saba, ya ƙara ɗan gudu kaɗan. Wannan ɗan gudun ne ke ɗaga ƙugu kusa da saman ruwa, har mai koyo ya ji a jikinsa inda ya kamata ƙugun ya zauna.

Inda muka fi ganin amfaninsu shi ne atisayen da ba a sa hannu. A kwanta rub da ciki, hannaye a gefen cinya, ido na kallon ƙasan pisin. A danna ƙirji cikin ruwa kaɗan, kamar faɗin tafin hannu, a sake shi. Ƙirji na sauka, ɗuwawu su taɓo saman ruwa. Ƙirji na tasowa, ƙugu ya sauka, motsin ya gangara cinya, gwiwa, har yatsu. Kamar bulala ne: mariƙinta a ƙirji, bakinta a yatsun ƙafa. Mita 25 sau huɗu da hutun daƙiƙa 20 a tsakani ya isa. Daga nan a juya rigingine a maimaita. A rigingine kuskure ba ya ɓuya, domin idan gwiwa tana fasa saman ruwa, to daga gwiwa ake bugun, ba daga ƙirji ba. Sai a koma kan gefe, hannun ƙasa a miƙe gaba. Wannan ne ke koya wa ƙafa ta yi aiki a zuwa da dawowa, saboda yawancin masu koyo ƙasa kawai suke bugawa, su bar ƙafa ta dawo da kanta a lanƙwashe. Dawowar da miƙaƙƙiyar ƙafa ake yin ta, da ƙarfin bayan cinya da ɗuwawu.

Idan an zo haɗawa da hannu, a fara da hannu ɗaya: uku da dama, uku da hagu, uku da duka biyun. A nan a kula da numfashi. Haɓa ta zauna dab da ruwa, a tura ta gaba, kada a ɗaga ta sama, kuma goshi ya koma ruwa kafin hannaye su shiga. Duk wanda hannayensa suka riga kansa shiga, ƙugunsa zai nutse ko da wane irin takalmi ya sa.

Babban aibinsu kuwa, suna rufa wa mai kuskure asiri. Yaron da ya koyi iyo a Gulbin Maradi da damina ko a tafkin Madarunfa yana da ƙarfi da rashin tsoron ruwa, amma sau da yawa da gwiwa yake bugu. Sa masa takalman nan, zai yi gudu duk da kuskuren, ya ɗauka ya iya. Shi ya sa muke cewa duk abin da aka yi da takalmi a maimaita shi nan take ba takalmi. Idan ƙugu ya faɗi da zarar an cire, aikin bai zauna ba tukuna, a koma danna ƙirji. Haka kuma takalman suna sa wasu nitsa da yawa a kowane bugu, su riƙa hawa da sauka maimakon tafiya gaba. Lanƙwasar da ake so ƙarama ce, mai gudana kusa da saman ruwa. A gasa babu takalmi, dokar World Aquatics, hukumar wasannin iyo ta duniya, kuma ta ce ƙafafu biyu su motsa tare, tafiyar ƙarƙashin ruwa bayan tashin farko ko juyawa a bangon pisin kada ta wuce mita 15.

Wajen saye, a gwada da jiƙaƙƙiyar ƙafa in da hali. Wanda ya matse yana jawo ɗaurewar jijiya a tafin ƙafa, wanda ya yi sako-sako yana goge diddige har ya yi bororo. Mai idon sawu mai tauri ya nemi roba mai laushi, kuma kada ya wuce minti 10 zuwa 15 da su a makonnin farko, domin idon sawun ne ke ɗaukar nauyin. Mai ciwon ƙasan baya ya rage zurfin lanƙwasar, in ciwon ya motsa ya dakata.

Robar ba ta jure ranar Afrilu da Mayu ta Maradi. Idan aka bar su a bakin pisin ko cikin mota a rufe, gefen da ke riƙe diddige ne ke fara tsagewa. A ɗauraye su da ruwa mai kyau don cire maganin pisin, a shanya a inuwa, a ajiye su a shimfiɗe ba tare da an ɗora musu kaya ba, saboda bakin da ya lanƙwashe yana karkatar da bugun ƙafa gefe ɗaya.