Kafin ka miƙa wa ɗan aiken AI kalandarka, karanta takardar bayanin API ɗin

Ɗan aiken AI, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake ba aiki ta je ta aiwatar da kanta, ba shi da wanda zai kira ya tambaya. Abin da takardar bayanin API, wato ƙofar da manhaja ke bi ta yi magana da kalanda, ta faɗa shi zai yi, inda ta yi shiru kuwa sai ya cike gurbin da zato. A harkar kalanda, zato ɗaya ya isa ya tura wa mutum 20 gayyatar taro da ƙarfe 3 na dare. Shi ya sa wajen zaɓen API ɗin kalanda takarda ake fara dubawa, farashi ya biyo baya.

A wannan ma'auni Google Calendar API ce a gaba, kuma da rata. Ba kyan shafi ya kai ta ba, faɗin abin da zai lalace ne. Ɗauki matsalar da ta fi kowace ci wa masu gina ɗan aike tuwo a ƙwarya: ya tura umarnin buɗe taro, intanet ta yanke kafin amsa ta dawo, ya sake turawa, taro ya zama biyu. Takardar Google ta ce kana iya ba taron lambar shaida taka tun daga farko, ta kuma faɗi haruffan da aka yarda da su, ƙananan a zuwa v da lambobi 0 zuwa 9, tsawonta daga 5 zuwa 1024. Idan aka sake turo lambar, sabar, wato kwamfutar Google da ke karɓar umarnin, za ta mayar da kuskure 409, ɗan aike ya gane aiki ya riga ya shiga. Haka ta yi da syncToken, alamar da ake ɗauko sabbin canje-canje kawai da ita: in ya daina aiki za ka ga 410, sai ka share abin da ka adana ka sake ɗauko komai. Kowane kuskure da lambarsa, da dalilinsa, da matakin ɗauka.

Sai lokaci. Taron da ke maimaituwa dole a rubuta masa yankin lokaci da sunan da ke cikin jerin hukumar intanet ta IANA, kamar Europe/London, kuma takardar ta faɗi haka ƙarara. Dalili shi ne Amurka na tura agogo gaba a Lahadi ta biyu ta Maris, Turai kuwa sai Lahadin ƙarshe ta watan, don haka taron mako-mako da aka ɗaure da UTC kawai, agogon duniya da ba a tura shi gaba ko baya, zai goce da awa ɗaya. Ta kuma bayyana cewa ranar ƙarewa ba ta cikin lissafi: taron yini guda na 10 ga wata ana rubuta ƙarshensa 11. Ga sendUpdates mai zaɓi uku, all, externalOnly da none, wanda ke yanke ko baƙi za su samu imel. Bugu da ƙari, akwai cikakken bayanin API ɗin a tsarin JSON da na'ura za ta karanta kai tsaye.

Microsoft Graph, API ɗin kalandar Outlook, ba ta rasa komai ba, sai dai bayanin a warwatse yake. Akwai transactionId na hana taro ninkuwa, akwai Prefer: outlook.timezone na zaɓen yankin lokaci, amma sai ka bi shafuka da dama kafin ka gano cewa lambar taro na iya canzawa in ba ka nemi ImmutableId, lambar da ba ta canzawa, ba, ga kuma shafukan gwaji na beta da ke kama da na tabbatacciyar siga v1.0. A cikin sauran masu haɗa manhaja da kalanda, Cronofy ta cancanci yabo, don lambar da ka ba taro ita ce ake sabuntawa da ita. Cal.com tana neman lambar siga, cal-api-version, mai kwanan wata da ya bambanta daga sashe zuwa sashe, abin da ke rikita ɗan aike. Calendly don mutum mai danna mahaɗi aka gina ta. CalDAV kuwa tsohuwar ƙa'idar musayar kalanda ce, RFC 4791 ta 2007, tsarin rubutun XML tsagwaronta, kuma kowace saba da nata halin.

Amma babban haɗarin ba a waɗannan yake ba. Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da MCP, ƙa'idar haɗa ɗan aiken AI da wasu manhajoji, a Nuwamba 2024, rumbunan manhajoji na GitHub da npm suka cika da ƙananan manhajojin da ke iƙirarin haɗa ɗan aike da kalanda, da yawa ɗauke da sunan babban kamfani alhali kamfanin bai san da su ba. Shafinsu na gaba tsaf-tsaf, ga alamomi, ga jerin abubuwan da suke yi, babu ko layi ɗaya a kan kuskure, ko inda ake ajiye makullin shiga asusunka. A Satumba 2025 an gano wata mai suna postmark-mcp a npm, wadda ba kamfanin tura imel na Postmark ne ya wallafa ba, tana tura kwafin kowane imel a ɓoye ga wanda ya wallafa ta. Ta yi aiki lafiya a sigoginta na farko, sai daga baya aka cusa mata layin satar. Kalanda ma ba ta tsira ba: a Agusta 2025 masu bincike sun nuna yadda umarnin da aka ɓoye a taken gayyata ke iya juya akalar Gemini, AI ɗin Google. Duk wanda ya san adireshin imel ɗinka yana iya turo gayyata, ɗan aikenka kuma zai karanta ta.

Don haka duba sunan wanda ya wallafa, ka ga ko shafin kamfanin na asali ya nuna mahaɗin manhajar. Buɗe bayanin kowane umarni da ake nuna wa ɗan aike ka karanta da idonka, don nan ake ɓoye mugun saƙo. Ɗaure sigar da ka gwada, kada ta sabunta kanta. Sannan duba izinin da take nema: mai duba lokacin da kake da sarari calendar.freebusy ya ishe ta, mai karantawa kawai calendar.readonly. Wadda ta nemi cikakken izinin calendar, wanda ya haɗa da share kalanda da raba ta ga wasu, ba tare da takardarta ta faɗi dalili ba, kada ka shigar da ita.