Igiyar ɗaga tamfol ɗin jirgi: abin da na gani a tafkin Madarumfa

Duk mai ƙaramin jirgin ruwa da iska ke turawa ta hanyar tamfol, irin mai gangar jiki biyu da aka haɗa da katako, ya san igiyar da ke ɗaga tamfol zuwa ƙolin sanda ta fi kowace wahala. Namu a Madarumfa yake, kudu da Maradi, kuma igiyar poliyesta mai kaurin milimita 6 na saka masa. Na gamsu da ita ƙwarai.

Da can shuɗiyar igiyar leda muke amfani da ita, wadda ake ɗaure kaya a kasuwa. Tana da araha, amma ranar Afrilu da Mayu, da zafi kan wuce digiri 40, cinye ta take yi. Sai ka ga tana farfashewa, garinta na zuba a tafin hannu. Ta nailan kuwa ƙarfi gare ta, sai dai miƙewa: ka ja tamfol ya tsaya cak, iska na kaɗawa ya saki ciki. Poliyesta ba ta miƙewa sosai, tana jure rana. Inda ka ɗaure ta nan za ka same ta.

Manyan aibinta biyu ne. Tsada, sannan nutsewa take yi in ta faɗa ruwa. Sabuwarta ma tana da santsi, don haka na ƙona bakinta da ashana, na yi ƙulli a ƙarshe kada ta zare ta haye sama, a koma kwantar da sanda.

Wurin ajiya ne ya fi damuna, domin nan ake kashe igiya mai kyau. In an bar ta manne da sanda, iskar hunturu ta kwana tana buga ta, kas-kas-kas, har ta goge daidai inda take bi ta kan ƴar tayar da ke ƙolin sanda. Wani dattijo masunci ya ce mini, “Ɗana, janye ta gefe ka ɗaure, kada ta taɓa sandar.” Haka nake yi, ragowar in naɗe ta in rataye, ba ta kwana a ƙasa. In jirgin zai daɗe a tudu, nakan zare ta gaba ɗaya in bar siririn zare a gurbinta, in wanke mata ƙura da ruwa zalla, ta bushe a inuwa kafin ta shiga buhu, saboda ɓeraye.