The Simpsons a Disney+: Apu na nan daram

Manhajar kallon finafinai ta Disney+ na ɗauke da The Simpsons, shirin barkwanci na zane na Amurka, tun daga zangon farko na 1989, har da tsofaffin shirye-shiryen Apu, Ba'indiye mai kanti. Marubutan sun iya barkwanci, amma a kan Apu sun yi lalaci: Bature ne, Hank Azaria, ke lanƙwasa harshe irin na Indiyawa, aka kuma ɗora wa Apu auren haɗi da 'ya'ya 8, har sunansa ya zama abin tsokanar yaran Indiyawa a Amurka. Azaria ya ajiye muryar a 2020.

A shafin bayanan shirin, a mayar da hoton tsofaffin shirye-shiryen zuwa tsarinsa na asali na 4:3, in ba haka ba ana yanke samansa da ƙasansa. Zane ne amma ba na yara ba, a kulle furofayil ɗin manya da PIN.