Zagayen wuraren tarihi a Badagry tare da ɗan rakiya

Duk wanda ya je Badagry, garin bakin ruwa da ke yammacin Legas a kan hanyar iyakar Seme, zai tarar da 'yan rakiya masu zagayawa da baƙi a kan kuɗi, kuma shawarata ita ce a ɗauki ɗaya daga cikinsu bayan an daidaita farashi, domin wuraren tarihin a warwatse suke cikin gari. Akan fara da benen da 'yan mishan na CMS, wata ƙungiyar yaɗa addinin Kirista ta Ingila, suka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, inda Samuel Ajayi Crowther, bishop na farko ɗan Afirka a cocin Anglican, ya taɓa zama. Wannan ba ya cin lokaci.

Inda aikin ɗan rakiya ya fi amfani shi ne gidan ajiye bayi na Seriki Williams Abass, mutumin da shi kansa aka taɓa sayar da shi bawa, daga baya ya dawo ya zama dillalin bayi, ya rasu a 1919. Wanda ya raka mu ya shigar da mu wani ƙuntataccen ɗaki mai 'yar taga can sama, sannan ya miƙa mana sarƙar wuya domin mu ji nauyinta da hannunmu, bai kuma gaggauta mu ba. Daga nan aka haye da mu a kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, muka taka yashi cikin rana har bakin teku, inda a da ake loda bayi a jirage. Tsofaffi da masu ciwon ƙafa za su sha wuya a nan, don haka a riƙe ruwan sha.

Abin da ya dame ni shi ne, ɗan rakiyar bai bambanta tarihi da labarin baka ba, musamman game da rijiyar da aka ce ruwanta na mantar da bayi garinsu. Haka kuma bai ce komai ba game da inda aka kwaso mutanen, alhali akwai Hausawa cikin bayin da aka fitar ta wannan gaɓa zuwa Bahia ta Brazil, inda suka shirya tawaye a 1807. Ta Badagry ɗin ne ma Bature mai yawon bincike Hugh Clapperton ya shigo a 1825 ya nufi Sakkwato, inda ya rasu a 1827. Mai zuwa daga Arewa ya yi waɗannan tambayoyi da kansa, ya kuma baro Legas da sassafe saboda cunkoson hanya.