Gmail, Outlook ko Thunderbird: wanne zai tsara maka wasiƙar imel?

Kafin ka shiga Farm Centre ko titin Beirut a Kano ka ce a sa maka manhajar Office don kawai wasiƙunka su fito a tsare, ka san cewa imel ba shi da gefen takarda. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, ko a Kano ko a Dubai. Faɗin imel kuwa allon mai karɓa ne ke yanke shi. Layin da ya cika allon kwamfutarka zai karye gida uku ko huɗu a wayar Alhajin da ka aika wa. Shi ya sa mai danna dogon maɓallin tazara sau da yawa don ya tura adireshinsa zuwa dama yake wahalar banza, domin a waya adireshin warwatsewa yake yi, rabi nan rabi can.

Abin da manhajojin suke iya yi shi ne jingina rubutu hagu, tsakiya ko dama, da turo sakin layi ciki kaɗan.

Ga yawancin mutane, Gmail a kwamfuta ya wadatar, kuma kyauta ne, da ma'ajiyar GB 15. A ƙasan akwatin rubutu akwai maɓalli mai alamar harafin A, nan kayan tsari suke. Ctrl+Shift+E na kai rubutu tsakiya, Ctrl+Shift+R dama, Ctrl+Shift+L ya mayar da shi hagu. Wani abin da ya fi shafar Kano: ɗan kasuwar Kantin Kwari mai rubuta wa abokin ciniki da Larabci, ko ɗalibi mai neman gurbi a jami'ar Madina, zai iya kunna rubutun dama-zuwa-hagu a cikin saitin harshe. Jingina Larabci dama kawai bai isa ba. Idan ba a juya alkiblar layin ba, sai ka ga aya ta koma farkon jimla, lambobi da sunayen boko sun sauya wuri. Manhajar Gmail ta waya kuwa ta kasa a nan, kauri da launin rubutu da ja masa layi take bayarwa, jingina rubutu sai ka hau kwamfuta.

Outlook na gargajiya, wanda ke zuwa cikin Office, shi ne ya fi kayan aiki, saboda tun 2007 injin Word yake amfani da shi. Kana iya auna turowar sakin layi, da tazarar da ke tsakanin layuka, ka kuma daidaita gefe biyu da Ctrl+J. Sai dai kuɗi ake biya, kuma abin da ya zauna daram a Outlook ba lallai ya isa haka a Gmail ba. A ganina na ma'aikacin ofis ne wanda abokan aikinsa duk shi suke riƙe da shi. Sabon Outlook na Windows kyauta ne, amma bai kai tsohon yawan kaya ba. Daidaita gefe biyu ma ban ba da shawararsa ba, a ƙaramin allo ramuka yake bari tsakanin kalmomi.

Thunderbird kyauta ne, yana haɗa akwatuna da yawa wuri ɗaya, kuma kana iya karanta saƙonnin da suka riga suka sauka ko data ta ƙare. Yana jingina rubutu kamar sauran, yana kuma aika rubutu zalla, inda yake karya layi a harafi na 72.

Idan takardar neman aiki ce, ko jerin farashin atamfa da shadda mai layuka da jimilla, kada ka gina ta a cikin imel ko da wace manhaja. Rubuta ta a Word ko Google Docs, ka bar gefen santimita 2.54 da Word ke zuwa da shi, ka mayar da ita PDF ka liƙa. Gmail na ɗaukar har MB 25. A jikin imel ɗin kuma gaisuwa da layi uku a jingine hagu sun isa. Kafin ka aika wa mai ita, tura wa kanka ka buɗe a waya, ka duba ko ɓ da ɗ da ƙ sun fito daidai.